Kafin a Sallami 'Yan Kwamfutar Asibiti, a Tambayi Wa Ke Riƙe da Makulli

Duk lokacin da kuɗi suka yi wa asibiti ƙaranci, akwai sashen da idon masu lissafi ke fara sauka a kansa. Shi ne ɗan ofishin nan na bayan ɗakin kati, inda mutum uku ko huɗu ke zaune cikin tarin wayoyi da matattun firintoci. Ba sa duba maras lafiya, ba sa allura, ba sa karɓar haihuwa. Ranar da komai ke tafiya daidai ba mai ganin aikinsu, har a ɗauka zaman banza suke yi. Ana cikin haka sai wani kamfani daga Abuja ko Legas ya zo da takarda mai sheƙi, ya ce shi zai riƙe komai daga nesa, a kan kuɗin da bai kai albashinsu ba.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun zamanin Obasanjo gwamnatin tarayya ta fara cire masu shara da masu gadi daga jerin ma'aikatanta tana ba 'yan kwangila aikin. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira, kuɗin gas ɗin janareta kaɗai ya isa ya sa shugaban asibiti ya nemi inda zai yanke. Sai kuma 2025, da Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta hannun USAID, masu shigar da bayanai da yawa a ƙasar nan, waɗanda albashinsu ke fitowa daga ƙungiyoyin da take ɗaukar nauyi, suka wayi gari an ce su tsaya. A can Amurkar ma an yi. A 2017 Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko, mai manyan asibitoci, ta sallami ma'aikatan kwamfuta kusan 50 ta ba kamfanin HCL na Indiya aikinsu, kuma sai da aka sa su suka koya wa magadansu aikin kafin su fita.

Ni a ganina, ba laifi asibiti ya sayi manhaja daga kamfani, ko ya kira ƙwararru daga waje su yi masa aikin da ya fi ƙarfin mutanensa. Amma akwai abu biyu da duk asibitin da ya sake su ya shiga uku: sanin gida, da makullin bayanai. Sharar farfajiya in ɗan kwangila ya gaza, gobe a kira wani ya ɗauki tsintsiya. Aikin kwamfutar asibiti ba ya gaduwa haka.

A fara da wuta, domin a Katsina yawancin abin da ake kira "matsalar netwok" matsalar wuta ce. Babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya, wadda ake kira saba, da akwatunan da ke raba netwok zuwa ɗakuna, a ƙaddara suna jan wat 800. In an haɗa musu inbata da batir huɗu masu bolt 12 da amfiya 200, a takarda wutar da ke ciki ta kai kilowat-awa 9.6. Amma batirin dalma ba a zuƙe shi ƙasa da rabi in ana son ya yi ƙarko, ita ma inbatar tana cin nata kason. Abin da zai rage bai wuce na awa 5 ba, kuma wannan ranar da batiran suke sababbi ke nan. Zafi kuwa abokin gabar batir ne. Duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana kusan raba tsawon ransa biyu, ga shi a watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura 40. Batirin da ake ƙara wa ruwa, in aka bar shi wata uku cikin bazara ba a leƙa ba, sai a tarar farantansa sun bushe. Awa 5 ɗin nan ta koma minti 40 ba tare da kowa ya sani ba, sai daren da KEDCO ta ɗauke wuta mai janareta kuma ya makara.

In wuta ta katse saba tana tsakiyar rubutu, ba kashewa kawai take yi ba. Rumbun bayanan yana iya lalacewa, a kunna ta ta taso amma manhajar ta ƙi buɗewa. Wanda ke hana wannan shi ne mutumin da ke zagayawa duk mako da ruwan batir da mita a hannu. Shi ne kuma ke buɗe saba da hunturu ya hure ƙurar da ta toshe fanka, ya duba wayar da aka binne a ƙasa kafin damina, domin tsawa ɗaya tana iya bi ta wayar da ta ratsa tsakanin gini biyu ta ƙone akwatunan netwok na ɓangarorin biyu. Ya san cewa wayar netwok ba ta son wuce mita 100, kuma wadda ta tafi ɗakin haihuwa ta ɗan zarce, shi ya sa aka maƙala wani ƙaramin akwati cikin silin a tsakiyar baranda. Babu wannan akwatin a kowane zane. Ranar da ɓera ya ci wayar da ke ba shi wuta, baƙon injiniya zai iya yini yana nema. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga yadda abin yake kasancewa bayan an sallame su. Safiyar Litinin, ƙarfe takwas da rabi, layi ya fito daga ɗakin kati har bakin famfo. Wani dattijo ya miƙa ɗan katinsa ta taga, yaron da ke ciki ya ce, "Baba, a yi haƙuri, netwok ne." Dattijon ya ce, "Ɗana, tun asuba na baro Mashi, ko karyawa ban yi ba, an ce gwajin suga za a yi mini." Yaron ba shi da ta cewa. A da, tsallaka baranda zai yi ya ƙwanƙwasa ƙofa, cikin minti goma a gano fulogin da mai shara ta ture da tsintsiya. Yanzu lamba aka ba shi ya kira. Wata murya ta ɗauka ta ba shi lambar ƙorafi, ta ce ya kashe ya kunna. Ya kashe ya kunna. Ta ce za a shigo daga nesa a duba. To ta ina za a shigo, bayan hanyar shigowar ce ta mutu?

Takardar kwangilar ta ce kamfani zai amsa cikin awa 4, kuma ya amsa, tunda ya ɗauki waya. A nan ake yi wa shugabannin asibiti wayo. Lokacin amsawa daban, lokacin gyarawa daban, kuma kwangiloli da yawa na farkon kawai suke rubutawa. Haka alkawarin nan na cewa manhaja za ta yi aiki kashi 99 cikin 100. Yana da daɗin ji, amma shekara awa 8,760 ce, kashi ɗayan da ya rage ya haura awa 87. Fiye da kwana uku da rabi ke nan asibiti na tsaye, kamfani kuma bai saɓa alkawari ba. Wanda ya san abin zai nemi 99.9, wato ƙasa da awa 9 a shekara, ya kuma rubuta nawa za a cire daga kuɗin kamfanin a kan kowace awa da ta ɗoru. In injiniya mafi kusa yana Kano, tafiyar kilomita wajen 170 ce zuwa Katsina, kuma sai ya gama da wanda ya riga kira. Daga Katsina zuwa Daura ma akwai wajen kilomita 80. Ba mai hankalin da zai kama wasu hanyoyin jihar nan bayan magariba don ya je ya gyara firinta.

Maganar gyara daga nesa kuwa, mutanen jihar nan sun fi kowa sanin iyakarta. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa da Malumfashi da Dutsin-ma da Jibiya, aka yi watanni a haka. Asibitin da bayanansa ke zaune a wata saba a Legas ko Turai, a irin wannan lokaci ba shi da komai. A watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka yi ta fama. Sannan ranar 19 ga Yulin 2024, wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows miliyan 8.5 a duniya, asibitoci suka soke tiyata. Gyaran ba wuya, goge fayil ɗaya ne. Amma a mafi yawan wurare sai mutum ya zauna gaban kowace kwamfuta da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke da mutane a gida ya fara tashi, wanda ya dogara da kamfani ya shiga layi da sauran abokan cinikin kamfanin.

Kuɗin da aka ce an rage ba ɓacewa suke yi ba, komawa suke kan wasu. A ƙaddara asibiti yana ganin mutum 400 a rana. Yini ɗaya na komawa takarda, in shigar da bayanin kowane mutum daga baya zai ci minti 5, aikin awa 33 ne ya taru, kuma babu wanda aka ɗauka don ya yi shi. Ƙarshenta ba a shigarwa. Likita ya buɗe fayil bayan wata biyu bai ga an canza wa mutum maganin hawan jini ba. Ɗakin magani ya ba da kaya a rubuce a littafi, lissafin kwamfuta ya nuna akwai kwali ashirin alhali kanta babu ko ɗaya. Aikin da aka yi wa 'yan inshorar lafiya, na jiha ko na tarayya, in babu shaidarsa ba a biya. Rasit ɗin hannu kuwa kowa ya san ƙofar da yake buɗewa. Ƙarshen wata a zo tura alkaluma cikin DHIS2, manhajar da ƙasar nan ke tara bayanan lafiya da ita, sai a cike gurbi da kintace, kuma da wannan kintacen ake lissafin allurar rigakafi da maganin zazzaɓin cizon sauro da za a turo. Malaman jinya su ke ɗaukar sauran nauyin: su cike fom, su bi sakamakon gwaji da ƙafa, su sha faɗan 'yan jinya.

Yanzu makulli. A asibitocinmu da yawa, layin wayar da ke cikin rawuta, na'urar da ke kawo intanet, an yi masa rajista ne da lambar NIN ta wani ma'aikaci, domin ranar da aka saya shi ne ya je shagon. Adireshin imel ɗin da aka yi rajistar sunan shafin asibiti da shi, Gmail ɗinsa ne. Lambar tabbatarwa da ake turowa in za a shiga wurin ajiyar bayanai, wayarsa take zuwa. Kalmar sirrin babban mai iko a kan rumbun bayanai tana kansa, ko cikin wani littafi a durowarsa. A ba irin wannan mutum takardar sallama ranar Juma'a a ce kada ya dawo Litinin, an yi kuskure biyu a lokaci ɗaya. Asibiti ya kulle kansa a waje, shi kuma an bar shi da hanyar shiga, ga ɓacin rai. Yawancinsu masu tsoron Allah ne, ba za su taɓa komai ba. Amma bayan wata bakwai rajistar sunan shafin za ta ƙare, saƙon gargaɗi ya tafi imel ɗin da ba mai dubawa, wata safiya shafin ya ɓace.

Kwafin ajiya ya fi wannan ban tsoro, don shi ba ya ƙara in ya mutu. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wajen ginin. Sau da yawa abin da ke ƙasa shi ne wani ɗan umarni da ma'aikaci ya rubuta yana kwafe bayanai ƙarfe biyun dare zuwa wani faifai, shi kuma duk Alhamis ya musanya faifan ya kai ɗaya ofishin akanta. Ya tafi, faifan ya cika, kwafin ya tsaya, rahoton wata na kamfani yana ta zuwa da koren alama. Saba kuma yawanci faifai biyu gare ta masu rubuta abu ɗaya, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. Na farko ya mutu, wata 'yar fitila ta koma ja a ɗakin da ba mai shiga. Aiki bai tsaya ba, don haka ba wanda ya kula. Sai ranar da na biyun ya bi shi. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi a kan wata kwamfuta an ga ya buɗe ba, bai cancanci a kira shi kwafi ba tukuna.

Masu kutse ma sun gane cewa asibiti wuri ne mai biyan fansa, tunda rai ke ciki. A Ayalan, a 2021, sun shiga kwamfutocin hukumar kula da lafiyar ƙasar ta hanyar wani fayil ɗin Excel da wani ya buɗe a watan Maris. Suka zauna ciki kusan mako takwas kafin su kulle komai a watan Mayu. Manhajar tsaro ta yi ta nuna alama, ba a bi ta yadda ya kamata ba, gyaran kuma ya ci watanni. A Landan, a watan Yunin 2024, ba asibitocin aka fasa ba, kamfanin Synnovis da ke yi musu gwajin jini aka fasa. Manyan asibitoci suka kasa tantance rukunin jini da sauri, suka koma kan jinin rukunin O har aka fito ana roƙon jama'a su ba da gudummawa, aka ɗage dubban ganin likita da tiyata. Darasin a fili yake: kamfani ɗaya mai riƙe da asibitoci ashirin ƙofa ɗaya ce zuwa gida ashirin. A nan kuma hanyar shigowar kamfanin sau da yawa manhajar shiga daga nesa ce, AnyDesk ko TeamViewer, da aka bari a kunne dare da rana, da kalmar sirri ɗaya da duk wanda ya taɓa aiki a kamfanin ya sani. Ga Windows 10, da Microsoft ta daina yi wa gyaran tsaro na kyauta tun Oktoban 2025, har yanzu ita ce a kan tebura da yawa.

Sirri kuma ba ƙaramin abu ba ne a garin da kowa ya san gidan su kowa. Sakamakon gwajin ƙanjamau, ko na ciki ga yarinyar da ba ta yi aure ba, in ya fita yana iya raba aure ko ya hana shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa shugaban asibiti alhakin tsare bayanan marasa lafiya. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma ce in an yi kutsen da zai iya cutar da mutane a sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72. Ba da kwangila ba ya sauke wannan nauyin. To asibitin da ba shi da ko mutum ɗaya mai iya karanta rajistar shiga da fita ta saba, ta yaya zai san an shiga, balle ya ƙirga awa 72?

Masu goyon bayan kwangila suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Akwai ma'aikatan gida da suka mai da sani jari, ba sa rubuta komai da gangan don kada a iya yi ba su. Akwai masu ɗora Windows ta sata, masu ba duk ɗakin kati suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, masu shekara goma ba su koyi sabon abu ba. Asibiti kuma ba shi da dalilin zama ya ƙera manhajarsa, kamar yadda ba ya ƙera na'urar hoton ƙashi. Jihar da ke da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361 ba za ta iya zaunar da injiniya a kowace ƙaramar cibiyar lafiya ba. Duk gaskiya ne. Amma maganin ma'aikacin da ba ya rubutu shi ne a tilasta masa ya rubuta, a sa wani ya gwada abin da ya rubuta. In aka kore shi da sanin a kansa, an ɗauki dogaron da ake yi da mutum ɗaya da ake gani kullum an mai da shi kan kamfanin da ba a san fuskarsa ba. Ƙananan cibiyoyi kuwa, ayari uku na ma'aikatan gwamnati, ɗaya a Katsina, ɗaya a Daura, ɗaya a Funtuwa, kowanne da babur ko mota da kayan canji a hannu, sun fi lambar waya a Legas amfani.

In har an yanke shawarar rage ma'aikata, to a yi shi da tsari. Babban asibitin da ke aiki dare da rana kada ya sauka ƙasa da mutum uku, domin mutum biyu ba sa iya riƙe kiran dare da hutu da rashin lafiya. Ɗaya daga cikinsu ya zama mai iya zama da kamfani ya ce wannan rahoton ƙarya ne. Kafin kowa ya tafi a yi wata uku ana aiki tare, a zagaya ɗaki ɗaki a rubuta kowace na'ura da lambarta da inda wayarta ta bi, har akwatin cikin silin. Layukan waya da imel da rajistar shafi a mai da su sunan asibiti. Kalmomin sirri na manya a canza su a gaban shaidu, a rufe a ambulan biyu, ɗaya wurin shugaban asibiti ɗaya wurin sakatare, sannan a rufe asusun mai tafiya a ranar da ya tafi. Kwangilar ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa bayanan na asibiti ne, kuma duk wata za a ba shi cikakken kwafi a sigar da wata manhajar za ta iya karantawa. In babu wannan layin, ranar da aka yi saɓani kan kuɗi, ko kamfani ya ce farashinsa da dala yake lissafawa, zai riƙe fayil ɗin marasa lafiya kamar jingina. Kamfani kada ya shigo daga nesa sai wani na gida ya buɗe masa, ya kuma rufe bayan ya gama. Kowane ɗaki a ajiye masa fom ɗin takarda na kwana uku, a kuma yi atisayen komawa takarda ko sau biyu a shekara, domin akwai sababbin ma'aikatan da ba su taɓa rubuta takardar gwaji da hannu ba.

Su kansu waɗanda ake sallama, Dokar Ƙwadago ta tanadi a sanar da ƙungiyarsu dalili, a kuma tattauna haƙƙinsu, amma da yawansu 'yan wucin gadi ne da ba su da ƙungiya. Abin da ya fi faruwa shi ne kamfanin da ya karɓi aikin ya dawo ya ɗauki ɗaya daga cikinsu, a kan albashin da bai kai na da ba, ba fansho, kwangilar wata shida shida. Mai ƙwazon cikinsu ba ya daɗewa, banki ko kamfanin waya ya ɗauke shi, wani ya buɗe shagon POS. Kwalejin Hassan Usman da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa suna yaye masu ilmin kwamfuta duk shekara, amma wanda ya san kwamfuta ya kuma san dalilin da ya sa ba a sabunta manhaja ƙarfe tara na safe ranar awon ciki, a cikin asibiti ake yin sa, kuma yana cin shekaru.

Shugaban asibitin da takardar kamfani ke kan teburinsa yanzu yana iya yin gwaji ɗaya kafin ya sa hannu. Ya zaɓi fayil ɗin wani maras lafiya na watan jiya, ya ce wa masu neman kwangilar su dawo masa da shi daga kwafin ajiya a kan wata kwamfuta daban, ba tare da sun tambayi kowa a ofishin bayan ɗakin kati ba. Ya duba agogo lokacin da suka fara.